Mudun Lokaci da Mudun Damuwa: Nazari kan Awo a Fannoni Biyu na Kimiyya

Duk wanda ya taɓa sayen hatsi ya san mudun wannan kasuwa ba lallai ya yi daidai da na waccan ba, kuma rabin gardamar mai saye da mai sayarwa daga nan take tashi. Masana kimiyya ma sun sha irin wannan gardama. Nazarin nan zai duba fannoni biyu da ba a cika haɗa su ba: kimiyyar ƙwayar zarra, wadda ta samar da agogon da ya fi kowane daidaito, da jinyar damuwa ta hanyar zantawa, wadda ake yi ba ƙwaya ba allura. Kowannensu ya yi tsalle a ƙarni na 20 ne bayan ya sami mudun da masana suka amince da shi.

Sakan ɗin da ya rabu da juyawar duniya

A da, sakan kashi ɗaya ne cikin 86,400 na kwana guda. Matsalar ita ce duniya ba ta juyawa da sauri iri ɗaya, domin jan wata ga tekuna yana rage mata gudu sannu a hankali. A 1955, Louis Essen da Jack Parry suka ƙera agogon siziyam a cibiyar awo ta Teddington a Ingila. A 1967 babban taron awo na duniya ya yanke cewa sakan shi ne tsawon kaɗawa 9,192,631,770 na hasken da ƙwayar siziyam-133 ke amsawa.

Daga nan aikin ya koma hana ƙwayoyin motsi, saboda ƙwaya mai gudu tana gurɓata awo. Dabarar sanyaya su da hasken leza ce ta ba Steven Chu da Claude Cohen-Tannoudji da William Phillips kyautar Nobel a 1997. Agogunan da suka biyo baya suna ƙirga kaɗawar hasken da ido ke gani, wanda ya ninka na siziyam sau dubbai, kuma mudu in ya ƙara ƙanƙanta, awo kan ƙara tsafta. A 2022 ayarin Jun Ye a Boulder ta Amurka ya yi amfani da ƙwayoyin sitironshiyam ya auna abin da Einstein ya hango, wato lokaci yana ɗan sauri a sama fiye da ƙasa, a tazarar milimita ɗaya kacal. Wannan ba wasan ɗakin bincike ba ne: agogunan taurarin GPS suna gaba da na ƙasa da kashi 38 cikin miliyan na sakan a kullum, kuma da ba a gyarawa, taswirar waya za ta riƙa kauce hanya da wajen kilomita 10 a kowace rana.

Zantawar da aka ɗora a sikeli

Jinyar zantawa ta faro ne da labaran marasa lafiya ɗai-ɗai, irin waɗanda Sigmund Freud ya rubuta a Biyana, inda mai magani shi ne kuma mai shaidar cewa magani ya ci. A 1952 Hans Eysenck ya jefa dutse cikin kasuwa: ya ce kusan biyu cikin uku na masu fama da damuwa kan sami sauƙi cikin shekara biyu ko da ba wanda ya zauna da su. An soki lissafinsa, amma ya tilasta wa fannin neman hujja.

A 1961 Aaron Beck ya fitar da takardar tambayoyi 21 don auna tsananin ciwon damuwa, abin da ya sa aka iya kwatanta halin mutum kafin jinya da bayanta. A 1977 Mary Smith da Gene Glass suka tattara bincike 375 suka nuna cewa matsakaicin wanda aka yi wa jinya ya fi kashi 75 cikin ɗari na waɗanda ba a yi wa ba samun sauƙi. Sun kuma ga tazarar da ke tsakanin mazhabobin jinyar ba ta da yawa, kamar yadda Saul Rosenzweig ya yi hasashe tun 1936. Wannan ya karkatar da hankalin masana ga amanar da ke ƙulluwa tsakanin mai jinya da mai zuwa wurinsa.

Inda hanya ta rabu

Agogon zarra ya tsaya ne kan gaskiya guda: ƙwayar siziyam ta Teddington da ta Tokiyo ba su da bambanci ko na ƙwayar gero. Damuwa kuwa da harshe ake faɗarta, harshe kuma na gari ne. Bahaushe zai ce tunani ya yi masa yawa, ko jikinsa ya mutu, ko barci ya ƙaurace masa, takardar Beck da aka tsara a Filadalfiya kuma tana iya wuce shi ba ta gan shi ba.

Likita Dixon Chibanda na Zimbabuwe ya kama bakin zaren. Ya horar da tsofaffin mata su zauna kan benci a harabar asibitocin Harare suna sauraron masu fama da abin da Shonawa ke kira kufungisisa, wato yawan tunani. An auna sakamakon da tambayoyi 14 da aka gina daga maganar Shonawa, kuma gwajin da aka wallafa a 2016 ya nuna waɗanda suka zauna a bencin sun fi samun sauƙi. Tun 1954 Thomas Adeoye Lambo ya bi makamanciyar hanya a Aro ta Abeokuta, inda ya zaunar da marasa lafiya cikin ƙauyuka tare da danginsu.

Kammalawa

Masana zarra suna shirin sake fayyace sakan da sababbin agogunan haske, kuma ranar da suka yi, mudu ɗaya zai wadaci duniya. Masu jinyar damuwa ba za su sami wannan sauƙi ba. Kowace al'umma sai ta sassaƙa nata mudun daga kalmomin da mutanenta ke kuka da su, sannan ta gwada shi da tsantseni irin na Essen kafin ta auna kowa da shi.