Daga Alif zuwa Gawayi: Tarihin Tace Ruwa a Ƙasar Maradun

Iyayenmu kan jefa alif a randa, laka ta kwanta, ruwa ya yi garau. Wannan dabara ta wadatar har zamani ya sauya. Da aka kammala madatsar Bakolori a 1978, noman rani ya kawo taki da maganin ƙwari bakin gulbi. A 2010 kuma gubar dalma ta haƙar zinariya ta hallaka yara kimanin 400 a yankin Anka da Bukkuyum, ta gurɓata kududdufai.

Narkakkiyar guba ba ta kwanciya, sai dai a kama ta. Tun 1785 Lowitz ya gano a Rasha cewa gawayi na zuƙe launi daga ruwa. Sirrin kuwa ƙananan ƙofofinsa ne, inda guba kan maƙale. Yau masana na haɗa shi da yumɓu domin ƙara masa ƙarfin kamu. Saboda haka wajibi ne hukuma ta riƙa auna ruwa tukuna, kada ta dogara da shaidar ido.