Daga akurkin kaji zuwa ɗakin haihuwa: tarihin allurar bitamin K

A shekarar 1894 wani likita a birnin Boston na Amurka, Charles Townsend, ya wallafa bayanin jarirai 50 da suka kama zubar da jini a kwanakin farko bayan haihuwa, wasu ta cibiya, wasu ta hanji. Ya lura cewa wanda ya tsallake waɗannan kwanaki yakan warke sarai, saɓanin mai cutar himofiliya da ake gado. Ya raɗa wa cutar suna, amma dalilinta ya gagare shi.

Amsar, mai karatu, daga wurin kaji ta fito. A 1929 Henrik Dam, ɗan ƙasar Denmark, yana ciyar da 'yan tsaki abincin da aka tsame wa kitse, sai ya ga jini na taruwa a ƙarƙashin fatarsu. A 1935 ya kira sinadarin da suka rasa bitamin K. Shi da Edward Doisy, wanda ya gano tsarinsa, suka raba kyautar Nobel ta 1943.

To me ya haɗa kaza da jariri? Hanta ba ta iya ƙera wasu sinadarai huɗu masu daskarar da jini sai da bitamin K. Shi kuwa kaɗan ne ke ratsa mabiyiya zuwa ɗan tayi, kaɗan ne a nonon uwa, ƙwayoyin hanji masu samar da shi kuma ba su gama kafuwa ba. Ka ga kowane jariri da ƙarancinsa yake zuwa duniya. Inda abin ya fi tsanani shi ne cikin da uwa ke shan maganin farfaɗiya irin su phenytoin, ko na tarin fuka irin su rifampicin, ko warfarin. Irin wannan jariri na iya fara zubar da jini cikin awa 24 na farko, har a cikin ƙwaƙwalwa.

Hanyar ba ta miƙe sumul ba. A shekarun 1950 an riƙa dirka wa jarirai, musamman bakwaini, wani nau'in bitamin ɗin na haɗi fiye da kima, ya riƙa farfasa musu jajayen ƙwayoyin jini yana jawo shawara mai taɓa ƙwaƙwalwa. Laifin na nau'in ne da yawansa. A 1961 ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ba da shawarar allura ɗaya tak ta nau'in K1, rabin miligiram zuwa ɗaya.

A 1992 kuma wani bincike daga Bristol ta Ingila ya danganta allurar da kansar yara. Manyan binciken da suka biyo baya ba su tabbatar da hakan ba, amma tsoron ya riga ya shiga zukata. A 2013 sai ga jarirai a jihar Tennessee da jini a ƙwaƙwalwa, bayan iyayensu sun ƙi allurar.

A wajenmu matsalar ba ta ƙin allura ba ce sosai, ta rashin samunta ce. Yawancin haihuwa a gida ake yi, a makon farkon nan kuma wanzami ke zuwa cire beli, daidai lokacin da jinin jariri ya fi wuyar tsayawa.