Rikicin Kano na 1953: Maganar Shugaba Ko Ruwa Ce Ko Fetur

 

Duk wanda ya shiga karar shanu ta Wudil ranar Juma'a ya san ba Hausa kaɗai ake ji a cikinta ba. Ga Bafulatani da garkensa, ga dillali, ga ɗan Kudu da ya zo lodin shanu. Haka kuma yaranmu ke can Legas da Fatakwal suna neman halaliyarsu. Wannan cuɗanya arziki ce, amma tarihi ya nuna mana maganar shugaba ɗaya tana iya wargaza ta cikin kwana huɗu.

A ranar 31 ga Maris 1953, Anthony Enahoro na jam'iyyar Action Group ya gabatar da ƙuduri a Majalisar Wakilai da ke Legas cewa a ba Nijeriya mulkin kai a 1956. Sardauna Ahmadu Bello ya nemi a cire shekarar, a bari sai lokacin da ya dace, domin Arewa ba ta da isassun ma'aikata masu ilimin boko. Zaman ya watse baram-baram. Da wakilan Arewa suka fito, jama'ar Legas suka yi musu ihu da zagi, jaridun Kudu kuma suka riƙa kiran su 'yan amshin shatan Turawa. Shugabannin Kudu ba su tsawata wa mabiyansu ba. Wannan shi ne kuskure na farko.

Na biyu ya biyo baya da sauri. Tun ciwon bai warke ba, Action Group ta turo tawaga ƙarƙashin Samuel Akintola ta zo Kano yin gangami. A nan gida ma manyanmu ba su yayyafa ruwa ba. Kafin ranar taron, Malam Inuwa Wada, sakataren jam'iyyar NPC a Kano, ya yi jawabi mai zafi da ke nuna an shirya tarar ƙarfi da ƙarfi. Hukuma ta soke izinin taron, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe. Ranar Asabar 16 ga Mayu jama'a suka taru a bakin Colonial Hotel, jifa ta fara, faɗa ya bazu tsakanin Fagge da Sabon Gari har zuwa 19 ga wata. Sai da aka fito da sojoji. Alƙaluman gwamnati sun ce mutum 36 suka mutu, 241 suka jikkata.

Ku lura da abu biyu. Akintola Bayarabe ne, jam'iyyarsa ma ta Yamma ce, amma yawancin gumurzun da Inyamuran Sabon Gari aka yi shi. Ƙiyayya idan ta tashi ba ta tambayar wa ya yi laifi, kamanni da harshe kawai take dubawa. Sannan manyan da suka yi cacar bakin sun tafi Landan a watan Yuli na shekarar, suka zauna teburi ɗaya, aka samar da tsarin tarayya na 1954. Zuwa 1964 ma, Akintola da Sardauna sun zama abokan ƙawance a siyasa. Manya sun shirya, amma talakan da ya mutu a bakin Sabon Gari bai dawo ba.

Mun sake ganin irin wannan a Mayun 2004. Bayan kisan da aka yi wa Musulmi a Yelwan Shendam ta Jihar Filato, zanga-zangar da aka yi a Kano ta rikiɗe ta zama ramuwar gayya a kan mutanen da ko hanyar Yelwa ba su sani ba. Fushin yana da dalili, amma a kan marasa laifi ya sauka.

Yanzu ku kwatanta da Maris na 2025, lokacin da aka kashe mafarauta 16 a Uromi ta Jihar Edo suna kan hanyar dawowa gida yin Sallah. Da yawansu 'yan Torankawa ne ta Ƙaramar Hukumar Bunkure, nan kusa da mu. Kowa ya yi fargabar abin da zai biyo baya. Sai Sarki Muhammadu Sanusi II ya gargaɗi matasa kada su taɓa kowa da sunan ramuwa. Gwamnan Edo, Monday Okpebholo, ya tako har Kano, shi da Gwamna Abba Kabir Yusuf suka je Torankawa ta'aziyya. Zukata sun yi zafi, amma Sabon Gari bai ƙone ba.

Bambancin 1953 da 2025 ba wai mutane ne suka canza hali ba. Abin da manya suka yi a kwanakin farko ne ya bambanta. Shugaba na gari yakan yi magana da wuri, tun kafin jita-jita ta riga shi. Yakan tsawata wa nasa, domin la'antar laifin wasu ba ta da wuya, kowa ma ya iya. Yakan taka da ƙafarsa ya je gidan makoki. Kuma ba ya tsayawa a kan "a yi haƙuri": sai ya bi shari'a har a hukunta mai laifi, domin haƙurin da ba adalci a bayansa wuta ce a ƙarƙashin toka.

Wannan ba aikin gwamna kaɗai ba ne. Ya shafi ciyaman da kansila, hakimi da mai unguwa, limami da sarkin kasuwa. A garin da ke da jami'a da Kwalejin 'Yan Sanda, inda 'ya'yan kowace jiha ke zaune tare da mu, baƙo amana ne. Mu kuma masu zaɓe, idan ɗan takara ya zo yana zagin wata ƙabila don ya burge mu, mu tambaye shi: in wutar ta tashi, 'ya'yan wa za ta fara ci?

Allah Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya ba shugabanninmu ikon riƙe harshensu. Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.