Kalbados: Tarihin Barasar Tuffa ta Nomandi

Kalbados, wadda Faransawa ke rubutawa Calvados, barasa ce mai ƙarfi da ake tatsowa daga giyar tuffa a yankin Nomandi, arewa maso yammacin Faransa. Doka ba ta yarda a sayar da ita da wannan suna ba sai ta shekara biyu aƙalla a cikin gangar itacen ok, kuma ƙarfinta bai gaza kashi 40 cikin ɗari ba. Hukuncin barasa a Musulunci sananne ne, ba kuma shi ne zancen wannan maƙala ba. Dalilin rubuta ta shi ne, tarihin da masu talla ke bayarwa ya sha bamban da wanda ke cikin dokokin gwamnati da takardun haraji. Masu talla sun fi son ƙarni na 16 da labarin wani jirgin ruwa da ya nitse. Takardun gwamnati kuwa suna nuna cewa ƙwaron inabi da yaƙe-yaƙe da ma'aikatan haraji ne suka ƙera kalbados ɗin da aka sani yau, tsakanin wajen 1870 da 1960.

Shekarun da ake yawan ambata

Tuffa ta daɗe a ƙasar. Dokar gandayen sarauta ta zamanin Sarki Charlemagne, wajen shekara ta 800, ta lissafa masu yin giyar tuffa cikin ma'aikatan da ake so kowane gandu ya samu. Sai dai giyar tuffa daban, barasar da ake tatsowa daga cikinta daban.

Shekarar da kowa ke kamawa ita ce 1553. Wani ƙaramin basarake mai suna Gilles de Gouberville, mai gandu a ƙauyen Mesnil-au-Val kusa da Cherbourg, yana rubuta harkokinsa na yau da kullum, kuma abin da ya rubuta ranar 28 ga Maris na wannan shekara shi ake ɗauka a matsayin ambato na farko na tatsar barasa daga giyar tuffa a Nomandi. Littafin nasa ya ɓace wa mutane har sai da wani limamin coci, Alexandre Tollemer, ya gano shi a 1867. Ranar dai tabbatacciya ce, amma ta tsufan rubutu ce, ba ta farkon sana'a ba. Babu dalilin zaton cewa mutumin da ya fara rubutawa shi ya fara yi. Ƙauyen nasa ma a lardin Manche yake, ba a lardin Kalbados ba. A 1588 likitan fada Julien Le Paulmier ya wallafa littafi a kan giyar inabi da giyar tuffa, inda ya yabi ta tuffa a matsayin magani. Ƙungiyar masu tatsar barasar tuffa ta samu amincewar hukuma a farkon ƙarni na 17. Wasu marubuta na cewa 1600, wasu 1606.

Sunan kansa bai kai wannan tsufa ba. Lardin Kalbados a 1790 aka kafa shi, lokacin juyin juya halin Faransa, aka ba shi sunan wasu duwatsu da ke cikin teku daura da Arromanches. Labarin da ke cewa duwatsun sun samo sunansu daga San Salvador, jirgin yaƙin Sifaniya da ya farfashe a kansu a 1588, ba shi da madafa. Jirgin da aka fi sani da wannan suna a cikin rundunar jiragen Sifaniya, Turawan Ingila ne suka kama shi, kuma a gaɓar Ingila ya nitse. Bayanin da René Lepelley na jami'ar Caen ya kawo a 1990 ya fi shiga hankali: kalmomin Latin ne na tsofaffin taswirori masu nufin tuddai marasa ciyayi, waɗanda matuƙan jirgi ke gane gaɓa da su.

Abin da ya fi waɗannan duka nauyi shi ne dokar Sarki Louis na 14 ta 1713, wadda ta hana tatsar barasa daga komai in ba giyar inabi ba, don kare kasuwar masu inabi. An bar wa Nomandi da yankin Biritani na Faransa damar tatsar ta tuffa, amma aka toshe mata hanyar fita sauran ƙasar. Haka ta zauna abin shan ƙauye har juyin juya hali ya rushe shingayen cinikin cikin gida.

Daga ƙwaro zuwa doka

A shekarun 1860 wani ɗan mitsitsin ƙwaro mai cin saiwar inabi, filoksera, ya shigo kudancin Faransa daga Amurka. Masanin tsirrai Jules-Émile Planchon ne ya gano shi a 1868. Cikin shekara ashirin ya cinye gonakin inabi lardi bayan lardi, har da na Cognac, inda ake yin barasar inabi mafi suna. Giyar inabin da Faransa ta samar a 1875 ta haura hektolita miliyan 80. A 1889 ba ta kai miliyan 25 ba. Faɗuwar wani tashin wani. Ƙwaron ba ya taɓa tuffa, kuma jirgin ƙasa ya riga ya haɗa Caen da Cherbourg da Faris. Sai barasar ƙauyen Nomandi ta cika shagunan shan kofi na babban birnin, inda leburori ke kiranta kalba a taƙaice, suna zuba ta cikin kofin safe kafin su wuce aiki. A wannan zamani ne sunan lardin ya manne wa barasar a bakin jama'a, ko daga ina aka kawo ta. Masu sana'ar na kiran lokacin zamanin zinariya. Ta fuskar kuɗi haka ne. Ta fuskar inganci kuwa, yawancin abin da aka sha ɗanyar barasa ce mai ƙuna, wadda ba ta ga ganga ba, kuma wannan baƙin suna na abin shan talaka ya bi kalbados har kusan ƙarshen ƙarni na 20.

Yaƙin duniya na farko ya sake juya lamarin. Masana'antun albarushi na buƙatar barasa zalla, don haka a 1916 gwamnati ta kama cinikin barasar masana'antu a hannunta. Manomin tuffa ya samu mai saye wanda ba ya tambayar ɗanɗano, sai yawa. Aka yi ta dasa itatuwa, kuma tsarin ya ci gaba shekaru da dama bayan an daina harbi.

A gefe guda ga masu tatsar gida, waɗanda Faransawa ke kira bouilleurs de cru. Doka ta ba duk mai gonar 'ya'yan itace damar tatsar lita goma ta barasa zalla a shekara ba haraji, don amfanin gidansa, kuma ɗa yana gadon wannan dama daga ubansa. Tukunyar tatsa mai ƙafafu ce ke zagaya gonaki, doki na janta. Lita goma a takarda ke nan. Abin da ke fita ta bayan gida da dare ba mai lissafinsa. A 1935 manoman kudu maso yammacin Nomandi, wajen Domfront da Mortain, suka tayar wa ma'aikatan haraji, suna ɓalle hatimin da aka liƙa wa tukwanensu. Likitoci kuma na ta kuka da yadda shaye-shaye ya yi katutu a ƙauyukan yankin, inda har yara ake ɗiga wa.

Nan ne shekarar 1942 ta shigo, kuma in ana neman ranar haihuwar kalbados ta hukuma, ita ce. Tun 1935 Faransa ta kafa tsarin kare sunan kayan gona da ya danganta su da ƙasar da suka fito, wanda ake taƙaitawa AOC. Barasar Cognac da ta Armagnac sun shiga a 1936. Da Jamus ta mamaye ƙasar a 1940, sai aka shiga ƙwace barasa don aikin yaƙi, amma wadda ke da kariyar suna ta tsira. Masu kalbados suka ga uwar bari. A 1942 yankin Pays d'Auge, gabas da Caen, ya samu cikakkiyar kariya, wasu yankuna goma kuma, irin su Cotentin da Avranchin da Perche da Pays de Bray, suka samu wata mai ƙaramin matsayi. Wato ba son inganci ne ya fara kawo ƙa'idojin ba, gudun asara ne. Amma da ƙa'idojin suka zauna, su suka tilasta ingancin. Shekara biyu bayan haka, ranar 6 ga Yunin 1944, sojojin ƙawance suka sauka a gaɓar Nomandi, manoma suka tarbe su da abin da suka ɓoye wa Jamusawa, sunan ya ƙetare teku. Wasu rundunonin Kanada har yau da ita suke bikinsu.

Bayan yaƙi gwamnati ta gaji da sayen barasar da ba ta da abin yi da ita. Daga 1953 ta fara rage saye, tana biyan manoma su tumɓuke itatuwan tuffa. Pierre Mendès France, firayim minista daga Yunin 1954 zuwa Fabrairun 1955, ya ɗaura yaƙi da shaye-shaye, ya sa ana raba wa 'yan makaranta madara. Abin lura, shi ɗin wakilin lardin Eure ne, a cikin Nomandi, don haka ya san abin da yake yaƙa. Masu tatsar gida a lokacin sun kai wajen miliyan uku a faɗin ƙasar, ƙuri'un da ba ɗan siyasar da ke wasa da su. Batun Afirka ta Arewa ne ya kayar da gwamnatinsa, amma ƙiyayyarsu ba ta taimake shi ba. Sai a 1960, zamanin Shugaba de Gaulle, aka soke gadon wannan dama: mai ita ya riƙe har mutuwarsa, matarsa ta ci gaba, daga nan ta ƙare.

Yadda ake yinta

Tuffar kalbados ba ta ci ba ce. Ƙanana ce, yawancinta da ɗaci da bauri. Akwai iri fiye da ɗari biyu, irin su Bedan da Binet Rouge da Fréquin Rouge, an kasa su huɗu: mai ɗaci, mai ɗaci da zaƙi, mai zaƙi, da mai tsami. Gwanintar tana wajen gauraya su. Tsohon salon gona dogayen itatuwa ne a warwatse, shanu na kiwo a ƙarƙashinsu. Sabon salo gajeru ne a jere, inji ke girbe su. Daga Satumba zuwa Disamba ake tattara 'ya'yan, a markaɗa, a matse, a bar ruwan ya yi makonni yana tsima da kansa har zaƙin ya ƙare, ya zama giya mai ƙarfin kashi biyar ko shida.

Tatsar kuwa dabararta ɗaya da ta masu fitar da ogogoro daga bammi: barasa na tashi tururi a zafin da bai kai na ruwa ba, sai a kama tururin a bututu mai sanyi ya koma ruwa. A Pays d'Auge dole a yi sau biyu a tukunyar jan ƙarfe. Zagayen farko na ba da kusan kashi 30, na biyu kusan 70, kuma a na biyun ake zubar da farko da ƙarshe a riƙe tsakiya. Sauran yankuna sun fi amfani da doguwar tukunya mai hawa-hawa da ke gamawa a zagaye ɗaya. Lissafin da masu sana'ar ke bayarwa shi ne kilo 18 na tuffa kan ba da lita 13 ta giya, ita kuma ta ba da lita ɗaya ta barasa. Fara tas take fitowa. Ganga ce ke ba ta launi, sannan a sassauta ƙarfinta da ruwa kafin a ɗura.

Ɗanɗano da sha

Masu ɗanɗanawa na cewa ƙaramar kalbados ƙamshin ɗanyar tuffa gare ta, da zafi a maƙogwaro. In ta daɗe a ganga sai ta yi duhu, ƙamshin ya koma na dafaffiyar tuffa da kirfa da zuma da itace. Alamar VS ko Fine na nufin shekara biyu, Vieux ko Réserve uku, VSOP huɗu, XO ko Hors d'âge shida zuwa sama. Shekarun na mafi ƙanƙanta a cikin haɗin ake ƙirgawa.

Al'adar da ta fi suna ita ce trou normand, wato ramin Banomande: ɗan kurɓi a tsakiyar doguwar walima, wai don a buɗa wa sauran abinci wuri. Yanzu an fi kawo ta a kan ɗan ƙanƙarar tuffa. Tsohuwar kalbados kuwa bayan abinci ake shanta, ba ƙanƙara, a ƙaramin kofin gilashi mai tsukakken baki, sau da yawa tare da cukun yankin, Camembert ko Livarot ko Pont-l'Évêque. Tana shiga girki ma, kamar kazar kwarin Auge da tumbin sa irin na Caen. Mai tafiya can da ke kiyaye abincinsa ya san da wannan. In an gauraya kalbados da ruwan tuffa marar tsima, sunanta pommeau.

Bayan 1984

A 1984 aka haɗe yankunan nan goma a ƙarƙashin suna ɗaya, AOC Calvados, wanda shi ke ba da kusan kashi 70 na abin da ake sayarwa. A 1997 yankin Domfront ya samu nasa sunan, da sharaɗin shekara uku a ganga da aƙalla kashi 30 na fiyar Turai, 'yar uwar tuffa, ba fiya mai maiƙo ta kasuwanninmu ba. Guguwar ranar 26 ga Disamban 1999 ta kayar da ɗimbin tsofaffin itatuwan wannan yanki. Kofin kalba na leburori ya kusa ɓacewa, kuma wajen rabin abin da ake yi yanzu ƙasashen waje ake kaiwa. Rabon Domfront a cikin duka bai wuce kashi ɗaya ko biyu cikin ɗari ba.