Shin wannan hoton na Shehu Usmanu ne?

Sau da yawa ana tura mana hoton wani dattijo mai rawani, a ce wai Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ne. Yaranmu a nan Tudun Wada suna gani suna ɗauka gaskiya ne, shi ya sa muka ga ya dace mu waiwayi tarihi.

An haifi Shehu a Maratta cikin ƙasar Gobir a 1754. Ya yi hijira daga Degel zuwa Gudu a 1804, ya rasu a Sakkwato a 1817. Ita kuwa fasahar ɗaukar hoto da kyamara sai a 1839 aka bayyana ta ga duniya a Faransa, shekara 22 bayan rasuwarsa. Ke nan duk hoton kyamara da aka jingina masa, wani bawan Allah ne daban.

To, ko wani ya zana shi da fenti yana raye? A ƙasashen Turai da Amurka an saba da haka. George Washington, shugaban Amurka na farko, ya zauna gaban mai zane Charles Willson Peale a 1772, aka zana shi da fentin mai cikin kayan soja, kuma zanen yana nan har yau. A ƙasar Hausa ta wancan zamani babu wannan al'ada, domin malamai sun ƙyamaci zana siffar mutum. Baturen nan Hugh Clapperton ma sai a 1824 ya isa Sakkwato, ya tarar da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ɗan Shehu a kan mulki. Saboda haka zanen da ke yawo hasashen masu zane ne na baya.

Abin da Shehu ya bari da hannunsa shi ne rubutu, irin su Ihya'us Sunna da Bayanu Wujubil Hijra. Tarihin jihadin kuma Bello ya rubuta shi cikin Infaƙul Maisuri. Mai son sanin Shehu, can zai same shi.

Muna roƙon mambobi, kafin a tura hoton wani magabaci, a tambayi wanda ya ɗauka ko ya zana, da shekarar. Haka nan hotunan iyayenmu da kakanninmu da ke ajiye a gidaje, a rubuta suna da shekara a bayansu tun masu shaida su suna raye, kada jikokinmu su faɗa irin wannan ruɗani.

Allah ya jiƙan magabata, ya sa mu dace.

Sakataren Ƙungiya