Wa Ya San Baƙo? Matamaye da Korar Baƙi daga Nijeriya

Hanyar da ta taso daga Damagaram ta ratsa Matamaye, ta bi ta Ɗan Barto, ta tsallaka iyaka a Kwangwalam, sannan ta faɗa Daura. Ta wannan hanya ƴan ci-ranin ƙasar Kance ke gangarawa Kano da zarar an ɗaure damman gero, ta nan kuma suke komowa gida. Galibi damina ce ke kiransu. Amma an yi shekarun da suka komo ba lokacin shuka ba, ɗauke da tabarmi da tukwane, saboda wata sanarwa da aka yi a Legas.

Iyakar ba ta daɗe ba. Tsakanin 1906 da 1908 ne tawagar Kyaftin Tilho na Faransa da Manjo O'Shee na Ingila ta bi daji tana kafa turaku, ta bar Kance da Magarya a hannun Faransa, Daura da Zango a hannun Ingila. Harshe ɗaya ne a ɓangarorin biyu, ga auratayya, ga kasuwanni da ake ci tare. Don haka duk hukumar da ta tashi korar baƙi a wannan yanki sai ta yi karo da tambayar da doka ba ta iya amsawa ita kaɗai: ta yaya za a gane Bahaushen Matamaye a cikin Hausawan Fagge?

A zamanin En'e amsar tana hannun sarauta. Baƙo kan sauka wurin fatoma ko mai masauki, a gabatar da shi ga mai unguwa, labarinsa ya hau har ga hakimi. Sarki na da ƴan doka, yana da kotu, yana da kurkuku. Da wannan iko ne Sarkin Kano Muhammadu Sanusi ya sa aka kori Muhammadu Marwa, mai laƙabin Maitatsine, zuwa Kamaru a 1962. Wanda ya san baƙo shi ne mai ikon korarsa. To, amma wannan tsari ya warware cikin ƴan shekaru. Dokar shige da fice ta 1963 ta kafa hukumar tarayya mai zaman kanta, gwamnatin soja ta haɗe ƴan doka da ƴan sandan tarayya a ƙarshen shekarun 1960, tsarin mulkin 1979 kuma ya tabbatar da cewa shige da fice da korar baƙi da aikin ƴan sanda duka hurumin tarayya ne. Gwamna na iya bai wa kwamishinan ƴan sanda umarni, amma kwamishina na da damar ya ce sai ya ji daga sama. Iko ya koma Legas, sanin mutane ya tsaya a zauren mai unguwa.

Ba a jima ba aka ga abin da wannan rabuwa ke haifarwa. A watan Janairun 1980 jami'an shige da fice suka kama Shugaba Abdurrahman Darman, jagoran masu rinjaye a majalisar dokokin jihar Borno, ɗan jam'iyyar GNPP, suka kai shi ƙasar Cadi bisa zargin cewa mahaifinsa ɗan can ne. Ba a shawarci gwamnatin Muhammadu Goni ba, ai ita ce ma abin nufi. Babbar kotun Maiduguri ta yanke cewa Shugaba ɗan Nijeriya ne, ta soke korar, kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar. Darasin da gwamnonin adawa suka ɗauka shi ne cewa kalmar "baƙo" sanda ce da tarayya ke iya ɗagawa a kan wanda ta ga dama. Idan an iya yi wa ɗan majalisa haka, ina ga mai ga-ruwa?

A ƙarshen wannan shekara rikicin Maitatsine ya ɓarke a Kano, fiye da mutum 4,000 suka halaka. Marwa ya daɗe da komowa ya kafa sansani a Ƴan Awaki, kuma wasiƙar da Gwamna Abubakar Rimi ya aika masa a Nuwamba, cewa ya tashi, ba ta da ƴan sandan da za su zartar da ita. Kano ta ɗora laifi a kan tarayya, tarayya ta ɗora a kan Kano, daga bisani duka biyun suka sami wanda za su jingina wa laifin ba tare da ya mayar da martani ba, wato baƙin haure, ko da yake mafi yawan waɗanda aka kama ƴan Nijeriya ne.

Ranar 17 ga Janairun 1983 Ministan Cikin Gida Ali Baba ya bai wa duk baƙon da ba shi da takardu mako biyu ya bar ƙasar. Farashin man fetur ya faɗi, aiki ya yi wuya, zaɓe na tafe. An ƙiyasta cewa kusan mutum miliyan biyu suka fita, kimanin rabinsu ƴan Gana, har jakar da suka zuba kaya a ciki ta ci sunan ƙasarsu. Duniya ta ga hotunan tashar jiragen ruwan Apapa da iyakar Seme. Ba ta ga hanyar Daura ba, domin a nan lamarin bai ɗauki siffar da kyamara ke so ba. Ɗan Gana a Legas harshensa kan tona shi. Mutumin Kance a Kano sai an nuna shi da yatsa, mai nunawar kuwa maƙwabcinsa ne, ko surukinsa, ko malamin da ya karantar da shi. Lokacin Kano da Kaduna (Daura na ƙarƙashinta sai 1987) da Borno duk suna hannun jam'iyyun adawa. Waɗanda suka kwaso kaya suka nufo Matamaye, da dama tsoro ne ya koro su kafin wani jami'i ya ƙwanƙwasa musu ƙofa.

Abin da ya fi cin rai ya zo a ƙarƙashin soja, lokacin da babu sauran tazara tsakanin jiha da tarayya, tunda gwamna hafsa ne mai karɓar oda. Janar Muhammadu Buhari, wanda mahaifarsa Daura ce, ya rufe iyakoki a Afrilun 1984 saboda canjin kuɗi, a 1985 kuma ya sake korar baƙi. Wannan ya faɗo daidai da fari mai tsanani. Rumbuna babu komai, hanyar hatsi da ta ci-rani a toshe. Talakawan kudancin Nijar suka raɗa wa yunwar suna "El Buhari". Sai a Maris na 1986 Janar Babangida ya buɗe iyakar.

A Amurka muhawarar ta ɗauki wani salo, domin jihohi da birane na da ƴan sandansu. Dokar 1996 ta bai wa tarayya damar ƙulla yarjejeniya da su don kama baƙi, wasu suka karɓa, wasu birane suka ƙi, Kotun Ƙoli kuma ta nuna a 1997 cewa tarayya ba za ta tilasta wa jami'an jiha yi mata aikinta ba. Gwamnan Nijeriya ba shi da ɗan sandan da zai hana, amma jiharsa na riƙe da abin da ya fi kulki tasiri: takardar shaidar asali da ƙaramar hukuma ke bayarwa, wadda kan dogara da shaidar mai unguwa da dagaci, wadda kuma ake nema wajen yin fasfo. Ashe har yau hukumar tarayya daga bakin dagaci take jin wane ne ɗan ƙasa.

Bayan da naira ta yi rauni, mata da yara daga ƙasar Kance suka karkata arewa, zuwa Aljeriya. A Oktoban 2013 aka tsinci gawarwaki 92 a hamada kusa da iyakar ƙasar, akasarinsu mata da ƙananan yara na wannan yanki da ƙishirwa ta kashe. Daga ƙarshen 2014 Aljeriya ta shiga mayar da ƴan Nijar ayari-ayari ta Assamaka da Agadas, bisa fahimtar juna da Yamai. Nijar ba tarayya ba ce, gwamnan Damagaram naɗaɗɗe ne daga babban birni, amma nan ma sai da aka koma wurin sarakuna da masu gari ana roƙonsu su lallashi mata su zauna gida. Dokar hana safarar baƙin haure ta 2015 ta yi shekara takwas, hukumomin soja suka soke ta a Nuwamban 2023. Iyakar Nijeriya da Nijar ta sake rufuwa daga 2019 zuwa 2020, da kuma daga Agustan 2023 zuwa Maris na 2024. A Janairun 2025 Nijar ta kammala ficewa daga CEDEAO, ƙungiyar da yarjejeniyarta ta Dakar ta 1979 ta bai wa mutumin Matamaye damar kwana 90 a Kano ba tare da biza ba.