Kayan Farauta a Kwarin Yobe Kafin Zuwan Ƙarfe: Tsokaci Daga Ƙasar Bade

Duk wanda ya san ƙasar Bade, tun daga Katuzu da Gashuwa har zuwa fadamun Nguru, ya san ƙasa ce ta rairayi da laka, wadda dutse ya yi ƙaranci a cikinta. Wannan kuwa babban ƙalubale ne ga mai binciken tarihin farauta, domin a yawancin sassan duniya da makaman dutse ake gane mafarautan dauri. A nan, akasarin kayan maharbi da masunci na itace ne da ƙashi da igiya, waɗanda gara da damshi ba su bari su daɗe.

Saboda haka ne kwalekwalen Dufuna yake da matuƙar muhimmanci. A shekarar 1987 wani makiyayi ya ci karo da shi yana haƙa rijiya kusa da kogin Komadugu Gana, a ƙaramar hukumar Fune da ke kudu da ƙasar Bade. A 1994 Peter Breunig na Jami'ar Frankfurt da Abubakar Garba na Jami'ar Maiduguri suka tono shi daga zurfin kimanin mita 5. Tsawonsa ya haura mita 8, an sassaƙa shi daga gungumen maɗaci, kuma awo ya nuna ya kai shekara 8,000. Ke nan ya girmi noman gero a wannan yanki da dubban shekaru, ya kuma fito daga zamanin da Tafkin Chadi ya ninka girmansa na yanzu sau da yawa. Kyawun sassaƙar goshinsa ya nuna masu shi sun gaji sana'ar ne, ba ranar suka fara ba. Amma kuskure ne a yi gaggawar cewa kakannin Badawa ne suka sassaƙa shi, domin itace ba ya faɗin harshen masassaƙinsa.

Can gabas a Borno, tonon Graham Connah a Daima cikin shekarun 1960 ya fito da masu na ƙashi masu ƙayoyi, irin waɗanda idan sun shiga jikin kifi ba su fita. A Gajiganna kuma, inda aka zauna tun wajen shekara 1800 kafin Miladiyya, an sami tsinin kibau na dutsen da aka ɗauko daga nesa. Mutanen waɗannan wurare suna da shanu, sai dai kiwo bai raba su da farauta da su ba.

A ganina, raba farauta da su da muke yi a yau bai dace da wannan kwari ba. Zagon da Sarkawa ke sukar kada da dorina mashi ne, mai riƙe da shi kuma maharbi ne ko da yana cikin jirgi. A nan ne aikin ya dawo hannun masana harshe. Ƙamusoshin Bade biyu da aka buga a 2004 ƙarƙashin jagorancin Russell Schuh sun ba da damar a kwatanta sunayen baka da kwari da tarko da dafi a Badanci da Ngizimanci da Hausa, a tace na gado daga aron Barbarci. Sauran kalmomin suna bakin tsofaffin masunta, waɗanda sana'arsu ta ja baya tun da madatsun Tiga a 1974 da Challawa a 1992 suka rage ambaliyar da ke cika fadamun.